Kitsen da ba na gani

Daren Laraba

Yau kaina ya ɗaure. Na je asibiti saboda jirin nan da ke damuna, sai ma'aikaciyar ta ɗauko wani ɗan ƙarfe mai kama da awartaki. Ta kamo fatar bayan damtsena da yatsu biyu, ta matse da ƙarfen, ta duba lamba. Haka ta yi a ƙasan kafaɗata da gefen cikina.

Ta ce, "Maman Ummi, kitse ya so ya yi miki yawa."

Dariya na yi. Ni da tun ina yarinya Tsinke ake ce mini? Ko a bikin Kuyello sai da Gwaggo ta ja ni gefe tana tambaya ko ba a ba ni abinci ne a gidan miji. Maganarta ce ma ta sa na fara shan maganin ƙiba na kemis.

Na ce ai sikeli bai nuna haka ba. Ta ce sikeli nauyi kawai ya sani, bai raba tsoka da kitse. Awon nata ma ƙiyasi ne, amma lallai in daina maganin, don shi take zargi da jirin.

To, wa zan bi? In na daina, gori ya dawo. In na ci gaba, ban san me nake tarawa a jikina ba.

Bayan isha'i na tambayi Baban Ummi, "Tsakani da Allah, na rame ne ko na yi ƙiba?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wacce amsar ce za ta bar ni in yi barci?"