Katin Mai Manyan Kunnuwa

Mai Wurno, 14 ga Yuli, 2022

Zuwa ga ɗana, Mai sunan Baba, a Dammam.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin garin naku, ya abokan zamanka? Mu nan sai godiyar Allah. An yi Sallah lafiya, ruwa ya sauka, kawunka Mato ya gama shukar dawa a hawasha, wato gonarmu. Ciwon gwiwata yana nan yadda ka bar shi. Na faɗa maka ne duk da ba ka tambaya ba.

Ƙanwarka Widad ta nuna mini saƙonka na ranar Sallah. Layi bakwai ne, ɗaya na barka da Sallah, shida na katunanka. Kuma duk da Larabci, sai ka ce ma'aikacin gwamnati kake rubuta wa. Ni da Hausa zan amsa, ita kuma ta ɗauki hoton takardar ta turo maka. In karatun ya gagare ka, ka nemi mai fassara.

Tunda rahoto kake so, ga shi. Gwangwanin da ka bar mini amana yana kan dulab, kabad ɗin nan na ɗakina. Katuna ɗari da sittin da uku, babu wanda ya taɓa su, rana ba ta gan su ba. Wata bakwai ke nan ban sa turaren wuta a ɗakin ba, domin ka ce hayaƙi yana lalata su. Maƙwabciyarmu Hajiya Huda ta shigo shan gahawar jabana, ta ɗaga hanci ta tambaye ni ko takaba na koma. Ban iya ce mata saboda wasu Amurkawa masu hula ne, waɗanda suka mutu tun ba a haife ka ba.

Bari in tuna maka asalin abin nan. Babanka, Allah Ya jiƙansa, direba ne na injiniyan nan Ba'amurke lokacin aikin tur'a, hanyar ruwan gonaki. Da mutumin zai koma ƙasarsu ya ba shi katunan gidan waya na 'yan wasan garinsu, waɗanda ya tara tun yana yaro. Babanka ya ajiye su don tunawa da mutumin kirki, shi ke nan. Kai ne ka mai da su abin hidima, kana ta sayen ƙari. Shekararka talatin da biyar, ba ka taɓa ganin wannan wasan besbol ɗin da idonka ba, ba ka taɓa riƙe sandar da suke dukan ƙwallon da ita ba, amma ka san sunan kowane ɗayansu da shekarar da aka buga hotonsa. Sunayen 'ya'yan kawunka Mato fa, ka iya jera su?

Widad ta ce har yanzu kana cigiyar na goma sha biyu, domin goma sha ɗaya ka samu a akwatin babanka, kuma wai jerin ba ya cika sai da shi. Ta nuna mini hotonsa da ka turo, mai manyan kunnuwa, ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Na gani. Ba ni da abin cewa a kansa, sai dai shekara shida ta yi yawa a neman takarda.

Ka ce za ka zo ijaza, hutunka na shekara, a watan Disamba. Na riƙe ka a kan maganarka. Ka kula da sallah a kan lokaci.

Mahaifiyarka,
Hannatu

Mai Wurno, 21 ga Agusta, 2022

Zuwa ga Mai sunan Baba.

Sallama da gaisuwa, da fatan alheri. Ya jikinka, ya aiki? Kowa a gida yana gaishe ka.

Yau albishir zan yi maka, ko da yake ba ka cancanta ba.

Ruwan bana ya wuce misali. Ranar Talatar da ta wuce rufin ɗakina ya yi yoyo daidai kan dulab, gara kuma ta haura bango ta shiga cikinsa. Ta cinye gefen takardar haihuwar Widad. Amma takardar shaidata ta sakandare da takardun hawasha, waɗanda aka yi wa taglif, wato aka rufe su da leda a inji, ko alama ba ta yi musu ba. Da na buɗe gwangwaninka na ga danshi a ciki, kati biyu sun fara farin fumfuna a gefe. Kwana uku Widad tana neman ka a waya, babu shabaka a garin nan, layin waya ya ɗauke.

To ni ba a ba ni amana in zauna ina kallo ta lalace. Dama ina da zuwa Sinja kan takardun babanka. Na naɗe gwangwanin a toben da nake yafawa na hau mota, ina kare shi da jikina duk ramin da muka faɗa. Akwai wani Mahmud kusa da kasuwa, shi ke yi wa mutane taglif. Da ya ga katunan ya yi dariya ya ce, "Hajiya, waɗannan duk 'yan uwanki ne?" Na ce masa ya yi aikinsa. Tun hantsi har la'asar ina zaune a kan benci ina ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, don kada ko guda ya ɓace. Ko ruwa ban tashi na sha ba.

Mutumin ya iya aiki. Duk kusurwar da ta tauye ko ta lanƙwashe ya sa almakashi ya daidaita ta kafin ya sa a inji. Yanzu kowane kati yana sheƙi, a miƙe, kamar yau aka buga shi. Da na dawo na tsoma ɗaya a kwanon ruwa a gaban Hajiya Huda, na fito da shi na goge da gefen zane, ko ɗigo bai shiga ba. Daga yau ko gara ko damina ko hayaƙi ba abin da za su yi musu. Jiya na sa turarena, ɗakin ya koma ɗakin mutane.

Widad ba ta nan ranar, ta je garin Hajj Abdalla wurin ƙawarta. Da ta dawo ta gani sai ta dafa kai ta zauna a kan angarib, gadon igiyar nan, ta ce ita ba za ta tura maka hoto ba. Na ce za ta tura. Yaran yanzu ba ku san gyara ba in kun gan shi.

Ba godiya nake nema ba. Ka dai lura cewa abin da ka kasa yi a shekara shida uwarka ta yi shi a yini ɗaya.

Mahaifiyarka,
Hannatu

Mai Wurno, 2 ga Satumba, 2022

Mai sunan Baba,

Ina gaishe ka, domin gaisuwa wajibi ce ko mutum yana fushi. Ina fatan kana lafiya.

Tunda na haife ka ba ka taɓa kashe waya ina cikin magana ba sai ranar Juma'a. Na ji duk abin da ka ce kafin nan. Wai tsohon kati darajarsa a tsufansa take. Wai kusurwar da aka yanke ita ce shaidar shekarunsa. Wai ledar ta manne da takardar har abada, babu mai tara irinsu a duniya da zai sake kallonsu. Sannan ka ce, "Inna, da gara ce ta cinye su da na fi samun sauƙi." Wannan kalmar tana nan a kunnena.

To ka saurara. A makaranta an koya mana abu mai muhimmanci a kare shi. Duk gidan da ka shiga a garin nan, takardar da suka fi ji da ita ita ce a cikin leda. Ta yaya zan san cewa akwai wasu mutane a duniya da suka fi son abu ya ruɓe? Ka ce kada ruwa, kada rana, kada hayaƙi. Ka taɓa cewa kada leda? Da ka zauna ka yi mini bayani kamar mutum, maimakon jera mini dokoki kamar mai gadi, da ba a kai nan ba.

Shekaranjiya Widad ta gaya mini, tana sunkuyar da kai, cewa ka ce ba za ka zo ijaza ba, wai babu abin da za ka zo gani. Babu abin da za ka zo gani! Kabarin babanka yana nan. Rufin da ya yi yoyo yana nan, kawunka Mato da tsufansa shi ya hau ya toshe. Ni ma ina nan, da gwiwar da na hau motar Sinja da ita saboda kai. Ka tambayi limamin masallacinku hukuncin wanda ya ƙaurace wa uwarsa saboda hotunan 'yan wasa, ka rubuto mini abin da ya ce.

Ba zan ba ka haƙuri ba, domin ban yi da mugunta ba.

Mahaifiyarka,
Hannatu

Mai Wurno, 19 ga Oktoba, 2022

Zuwa ga ɗana, Mai sunan Baba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya lafiyarka? Kana cin abinci kuwa? Ruwa ya ɗauke, dawa ta yi kai, kawunka ya ce sai dai fama da tsuntsaye. Mako bakwai ke nan ban ji muryarka ba. Wannan takardar ba Widad za ta ɗauki hotonta ba. Na ba Alhaji Salih mai tafiya umra a rufe, zai aiko maka daga can.

Na koma Sinja. Na ɗauki kati ɗaya cikin waɗanda ka saya, ba na babanka ba, na ce wa Mahmud ya cire ledar. Ya ce ba ta cirewa. Na ce ya gwada. Ya sa reza ya ɗaga gefe, yana ja a hankali, sai fuskar mutumin ta biyo ledar, takardar ta rage fara fat. Na karɓi guda biyun na fito. Wannan ma laifina ne, ka ƙara a kan sauran.

Akwai abin da ban faɗa maka ba, ba na ranar Sinja kaɗai ba, na shekara shida.

Na goma sha biyun yana wurina. Yana ƙasan akwatin aurena, a cikin farin ƙyalle, tun kafin a haife ka. Ina ajin ƙarshe a sakandare a Sannar, an sa mana rana, babanka yana can wurin aikin tur'a. Ya sa katin a ambulan ya aiko mini ta hannun yayata. Ya yi rubutu a baya da alƙalamin injiniyan. Layin farko kawai zan gaya maka. Ya ce ba shi da hoton kansa da zai aiko, amma kunnuwan mutumin nan irin nasa ne, in riƙa dubawa kada in manta shi. Sauran layukan ba na ɗa ba ne. Shi ya sa duk shekarun nan da kake cigiya na yi shiru, na bar ka kana nema a wurin baƙi, ina kuma yi maka faɗa a kan neman. Na ce wa kaina kunya ce. Har yanzu ina ganin kunya ce, amma na bar ta ta yi tsawo.

Ranar da na kai gwangwaninka Sinja, shi ma na ɗauke shi, domin danshin bai bar akwatina ba. Yana cikin jakata duk yinin nan. Da Mahmud ya gama na ƙarshe ya tambaya ko akwai saura, hannuna yana kan katin, na ce babu. A mota na ce wa kaina don kada ya karanta bayan ne. Ba haka ba ne, Mahmud ba ya jin Hausa. Gefen katin ya yi laushi inda babanka ya riƙe, da inda ni na riƙe shekara talatin da bakwai. Ban so a sa leda tsakanin yatsana da wurin ba. Ka ga ke nan na san abin da kake nufi tun kafin ka faɗa, a kan nawa na sani, a kan naka ne ban tsaya na yi tunani ba. Goma sha ɗayan nan ma hannun babanka ya taɓa su, na sa aka yanke.

A takardar baya na ce ba zan ba ka haƙuri ba. Na janye. Ka yi haƙuri.

Wannan ba ya nufin na yarda da yadda kake tafiyar da rayuwarka. Har gobe ina cewa mutum mai shekararka ya kamata ya san abin da ya fi takarda, kuma kashe wa uwa waya ba tarbiyyar gidan nan ba ce. Za mu yi wannan maganar in ka zo.

Katin yana nan yadda yake, da tauyayyen gefensa da tabon shayi a kusurwa. Na sake daina sa turare saboda shi, Hajiya Huda ta ce lallai wani abu ya same ni. Ba zan ba Alhaji Salih ba, ba zan ba kowa ba, kuma Widad ba za ta ɗauki hotonsa ba. In kana so, Disamba tana nan, ka zo ka karɓa da hannunka. Sharaɗina ɗaya ne: muddin ina raye, fuskar za ka kalla, ba za ka juya bayan ba.

Ka sayo mini man shafawar gwiwa irin na bara. Kuma ka yi aski kafin ka taho, in ga kunnuwan nan.

Mahaifiyarka,
Hannatu