Ga Mu Nan Tafe

Dayi, watan Mayu

Zuwa ga ɗana Sajan Jibo, a Maraɗi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Na ba Isah direba wannan takarda, tunda yana kai masara wajenku. Ni mutumin takarda ne, wannan waya da ake shafawa ba ta jin yatsana.

Jiya aka yi addu'ar arba'in ta abokinka Mus'ab, ɗan cikina. Mutane sun zo daga Malumfashi har Maska, kai ne kawai ban gani ba, ban kuma ji muryarka ba. Inno, uwarsa, ta ajiye maka fura har ta yi tsami. Ta ce ɗan Nijar ɗin nan da ya zo mana gayya bara, ya kasa noman duƙe har matasa suka yi ta yi masa dariya, ba zai ƙi zuwa ba.

Mus'ab ya sha gaya mini yadda kuke a rundunar haɗin gwiwa: sansaninsu a wannan gaɓar kogi, naku a waccan, wanda aka taɓa ɗaya ya kawo masa ɗauki. Na ce masa ai gayya ke nan. Haka muka yi a Laberiya da sojojin Gana da na Gini, yau a gonarka, gobe a tawa, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kullum uwarsa ta tayar da hankali sai ya ce ta kwantar da ranta, Jibo na bayansa.

Kofur Kazeem da ya kawo mana jakarsa ya ce tun hantsi aka far musu har la'asar, ba wanda ya ƙetaro. Tambayata ɗaya ce: kana ina?

Ka gaida mahaifiyarka. Naka,
Haladu, tsohon soja

Maraɗi, watan Yuni

Zuwa ga Baba Haladu.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inno. Allah ya jiƙan Mus'ab, ya ba ku haƙurin rashi.

Baba, ba ma can a ranar. Kwana tara kafin abin, umarni ya zo daga sama cewa ƙasarmu ta janye daga haɗin gwiwar, mu kwashe kaya. Kai soja ne, ka san ba a tambayar dalili. Manya suka ɓata a tsakaninsu, mu aka loda a mota. Ko sallama ban samu na ƙetara na yi masa ba.

Rashin zuwana ta'aziyya kuwa, ba a ba mu izinin ƙetare iyaka yanzu. A yi mini afuwa.

Ɗanka mai biyayya,
Jibo

Dayi, watan Yuni

Sajan Jibo,

Salamu alaikum. Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku. Ta yi tsaf kamar rahoton da ake kai wa kwamanda, to ni ba kwamandanka ba ne.

Shekara ashirin da biyu na yi da kaki, ba sai an koya mini umarni ba. Ban tambaye ka laifin ƙasarku ko tamu ba. Waɗanda suka sa hannu a yarjejeniya da waɗanda suka yage ta duk suna kwana a gidajensu, 'ya'yansu na makaranta. Ni kai na tambaya.

Wayar Mus'ab na cikin jakar, fuskarta a fashe. Na kai ta Funtua aka gyara, aka nuna mini kiran da ya yi na ƙarshe. Bai kira ni ba, bai kira uwarsa ba. Lambarka ya kira, da azahar, aka ɗauka, aka yi minti biyu ana magana.

Kazeem ya kuma faɗi abin da ya hana ni sukuni. Ya ce da aka ba su izinin ja da baya zuwa tudu, Mus'ab ya roƙi a bar shi da mutum uku a mashigin kogi, wai kada masu kawo ɗauki su iso su tarar an rufe hanya. Waɗanne masu ɗauki, tunda kun yi kwana tara da tafiya?

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Na binne iyayena, na binne abokai a ƙasar da ban san sunan itatuwanta ba, amma ban taɓa jin abin da nake ji yanzu ba. Me ka ce wa ɗana a minti biyun nan?

Wassalam,
Haladu

Maraɗi, watan Yuli

Baba,

Ina gaisuwa, in har za ka amsa. Mako uku takardarka na aljihuna. Maganar izinin iyaka gaskiya ce, amma ba ita ta hana ni zuwa ba, da na so da na bi Isah cikin buhuna. Kunya ce da tsoron idonka.

Mus'ab ya san mun tashi daga bakin kogi, amma ya ɗauka garin da ke kusa aka mayar da mu, tafiyar awa guda. Ni ma ban gyara masa ba, don an hana mu faɗin inda muke. A ranar ina nan Maraɗi, a bakin kasuwa, ina sayen takalmin ɗiyata, salula ta yi ƙara. Na ji harbi kafin in ji muryarsa. Ya ce, "Jibo, sun yi mana yawa. Kuna ina?"

Baba, na buɗe baki in ce muna nesa, sai na ji yadda numfashinsa ke fita, na kasa. Abin da ya fito shi ne abin da kowa ke faɗi in an kira shi. Na ce, "Ga mu nan tafe, ku riƙe."

Na faɗa ne don in ƙarfafa masa zuciya. Sau nawa nakan ce masa ga ni nan tafe alhali ko wanka ban yi ba, ya yi dariya ya ce tafiyar 'yan Nijar sai an haɗa da guzuri. Na zaci ya san irin wannan ce. Sai ya ce, "To, zan tsare muku mashigi." Na yi ta kira in warware maganar, layi bai ƙara shiga ba.

Ban san ya tsaya bayan an ba su izinin ja da baya ba sai da na karanta takardarka. Ina ta gaya wa kaina cewa janyewar manya ce ta kashe shi. Yanzu na san da na faɗi gaskiya da ya hau tudu tare da Kazeem. Takalmin na nan a leda, na kasa ba yarinyar.

Ban roƙi gafara ba, don ban ga da bakin da zan roƙa ba. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama.

Jibo

Dayi, watan Agusta

Jibo,

Salamu alaikum. Na karanta. Ban gaya wa Inno ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Har yau tana cewa hanya ce ta hana ka.

Ban yafe ba tukuna, ban kuma ce ba zan yafe ba. Ɗana ya mutu yana gaskata maganar abokinsa, ni na koya masa haka, kuma ban san ko in yi alfahari ko in yi kuka ba.

Asabar ta ƙarshen wata za a yi mini gayyar huɗar dawa. Kunyoyin da Mus'ab ke ɗauka, na gefen tsamiya, ba wanda na ba. Fartanyarsa na rataye a zaure.

Kada ka aiko da amsa. Kada ka ce mini ga ka nan tafe. In ka zo, mun gan ka.

Haladu