Tof Silindar Hagu

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Hajiya Safiyatu ta aiko daga Basirka. Wani mai tara tsofaffin motoci daga Kano yana son motar mahaifinta, marigayi Alhaji Maikuɗi, maigidana da ya koya mini kanikanci. Sharaɗinsa ɗaya: injin ya zama na asali, ba a canza masa komai ba. Wai in je in shaida, ni ta yarda da ni. Na ce to.

Talata, 7 ga Mayu
Na je a kan babur. Motar tana nan a rumfa, kaji sun mai da kujerar baya gidansu. Chevrolet, silinda takwas. Da na ɗaga bonet sai da na yi dariya ni kaɗai, kamar na ga tsohon aboki. Na wanke lambar jikin injin da kananzir, ta yi daidai da takardu. Tof silinda, wato murfin kan injin, biyu ne. Na dama yana da tambarinsa na asali, doro biyu irin na raƙumi. Na hagun ban duba ba. Na ce rana ta yi zafi.

Hajiya ta sa an kawo fura mai sanyi. Na sha har na yi kunya.

Laraba, 8 ga Mayu
Ba zafin rana ba ne. Ni na fasa na hagun a 1983, ina ɗan shekara goma sha tara. Injin ya ɗau zafi, na sheƙa masa ruwan randa. Alhaji yana Makka. Na samo na wata tsohuwar a-kori-kura a Kano na ɗaura, na shafe shi da fenti. Shekara arba'in da ɗaya ban faɗa wa kowa ba, har Fatsuma matata.

Alhamis, 9 ga Mayu
Kwana biyu ina gyaran Golf ɗin Ikrima, ya tashi lafiya lau. Fatsuma ta yi dambu, na ɗan taɓa kawai. Ta ce me ya sa nake ta kallon bango.

Asabar, 11 ga Mayu
Na koma Basirka, na faɗa wa Hajiya gaskiya a gaban mai sayen. Mutumin ya shafa gefen murfin na hagu, babu doro, ya gode, ya shiga motarsa.

Na ce, "Hajiya, ki yafe mini, na ɓata miki ciniki."

Ta daɗe tana dariya. "Malam Zulkifli, ai Baba ya sani tun ranar da ya dawo. Cewa yake yi yaron nan ya ɗaura shi da kyau, a bar shi ya faɗa da bakinsa."

Na rufe bonet, na hau babur na dawo gida.

Lahadi, 12 ga Mayu
Na sayo fulogi takwas da batir. Ba wani abu ba ne, so nake kawai in ji ko motar Alhaji za ta tashi. Fatsuma ta ce yau na ci tuwo malmala biyu.