Iyakar Kiwon Baba

Tegwen ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, tarin nan da na kamu da shi a ramin haƙar kwal ne kawai ya ƙi sakina.

Na ji sababbin tumakinku sun watse a tudu. Kada ki zargi mijinki. Ni na matsa aka sayar da tsohon garken Baba, alhali shi Baba ya sha gaya mini, "Kai, sarkin gaggawa, tudunmu ba shinge, tunkiya ke nuna wa ɗanta iyakar kiwo."

Yanzu ni kaɗai na san iyakar, ga ni a Ostireliya. Na zana miki ita a bayan takardar nan: ki taka daga tulin duwatsu, ki bi ciyawa har fadama. Sai dai tunkiya ba ta karatu.

Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Idwal