Gwalon da Ba Nata Ba

Litinin, 9 ga Oktoba

Ban taɓa gaya wa kowa ba, sai kai, kayena, littafin sirrina. Takardar Inna tana wurina. Kwana goma ke nan tana kwance a tsakiyar littafin soyayyar da Fiddausiya ta ara mini.

Ran da na raka Inna allurarta ta wata-wata, majo, malamin asibitinmu, ya daɗe yana kallon yadda bakinta ke motsi. Ya rubuta takarda, ya liƙe, ya ce in ba Baba, a kai ta Tawa wurin lokotoro, likitan ƙwaƙwalwa. Wai wannan motsin baki aikin maganin ne, in an bar shi yana iya zama har abada. Ƙila a canza mata wani, amma kada mu kuskura mu tsaida allurar da kanmu. Ni dai "canza" kaɗai ya shiga kunnena.

Da munka dawo Baba ya ce, "Mi majo yac ce?" Na ce, "Lahiya lau."

Alhamis, 12 ga Oktoba

Ba mugunta ba ce. Shekara biyu da sunka wuce Inna ta fita ba takalmi, sai washegari anka same ta kan dabagi, tudun nan na bayan gari, wajen duwatsun da ma'aikatan porje sunka jera don tare ruwa, tana hira da su. Na ruga na riƙe ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyar wa ce?"

Allurar nan ce ta maido mini da ita. Yanzu tana kiran sunana, tana yi mini faɗa in na ƙona tuwo. In an canza, wa ya san wadda za a dawo mana da ita daga Tawa?

Lahadi, 15 ga Oktoba

Kafin Inna ta gama tankaɗe harshenta ya leƙo sau goma sha ɗaya. Leɓe na tsotsar abin da babu. Ita kamar ba ta sani ba.

Talata, 17 ga Oktoba

A lakwal, muna cikin aji, Fiddausiya ta fizge littafinta, ambulan ya faɗo. Sai ihu: "Iye! Shiru-shiru ba tsoro ba! Nasiba an yi kamu! Mahfuzu na, ko? Wallahi Mahfuzu na, ga kunnenki nan ya yi zahi!"

Na ƙwace su duka biyu, na sunkuyar da kai, ban musa ba. Har wani daɗi na ji, Allah ya yafe mini. Duk hanyar gida ina riya cewa da gaske shi ne, ina tsara abin da ya rubuta, har da turare a jikin takardar. Mahfuzun ajinmu da ko bik na rubutu bai taɓa ara a hannuna ba.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Yau sadakar uku ta Baba Hamidu, mijin Gwaggo Lalla, yayar Baba. Da na sani da na ce wa Inna ta zauna gida.

Ɗaki cike da mata. Inna ta durƙusa gaban Gwaggo, ta ce, "Ya haƙuri, Yaya? Allah ya jiƙan shi." Ba ta rufe baki ba sai ga harshe, dogo, tsaf a fuskar Gwaggo. Ya koma. Sai leɓe ya yi wata ƙara awa tsaki.

Gwaggo ta janye lulluɓi ta ce, "Jaratu, ni kike ma gwalo? Ran ukun mijina?"

Inna ta ce, "Wane gwalo, Yaya?" Tana tambaya yana sake fitowa.

Wata tsohuwa ta ce a'uzu billahi. Wata daga baya ta ce, "Mutanenta sun dawo." Ni kaɗai a ɗakin na san ba ita ba ce, ba kuma iska ba ce. Na kama hannunta munka fito, takalmina ɗaya ma can na bar shi.

Asabar, 21 ga Oktoba

Gwaggo tana takaba, ba ta fita, sai ta aika kiran Baba. Ya dawo bai taɓa fura ba. Ya ce, "Nasiba, ke ka jin bakin mutanen asibiti. Ran allura ki ce ma majo ciwon ya tashi, shi ƙara mata."

A ƙara. Abin da ke murɗa mata baki, shi za a ƙara.

Na ce to.

Talata, 24 ga Oktoba

Inna ta samo dabara. Asuwaki a baki tun safe har magariba, don a ce shi take tauna. Dasashinta har ya fashe. A famfo mata na matsa mata wuri, wurin da ya fi ƙarfin tulu ɗaya.

Ran Litinin allura. Majo zai ce ina labarin Tawa.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Bayan azahar barci ya ɗauke ta ƙarƙashin rumfa. Bakin ya tsaya cak. Fuskarta ta dā, sak, har ɗan lotsawar kumatu. Na zauna ina kallo har kaji sunka shiga cikin geron da anka ce in tsare.

A littattafai in mutum ya ɓoye wasiƙa don ƙauna ne, kuma a ƙarshe rungume shi ake yi. Na buɗe littafin Fiddausiya in karanta, layi biyu sunka gagare ni.

Asabar, 28 ga Oktoba

Inna tana yi mini kitso, yatsunta na ɗan rawa a kaina, sai ta ce in miƙo madubina. Ta daɗe tana kallo. Ban waiwaya ba, ina dai jin ƙarar leɓen a bayan kunnena.

Ta ce, "Ashe haka Yaya Lalla tag gani."

Can kuma, awa mai zancen cefane: "Takardar nan da majo yab ba ki, ba ki yar ba dai?"

Na ce, "Inna, kin sani?"

"Ina zaune gun fa. Bakina ya lalace, ba kunnena ba."

Na fashe da kuka, na ce tsoro nake ji kada ta sake mance ni. Ta ja kitson da ƙarfi, ta ce in tsaida kai. Ta ce ita ma tsoron dabagi take ji, shi ya sa ta yi shiru ta bar ni da kayan, kuma wannan ba daidai ba ne. Sannan ta ce, "Jiya sau ukku nis sake Fatiha. Harshe ba ya bari in kai ƙarshe. In mutane sun ce na yi musu gwalo, na iya da su. Amma a gaban Ubangijina, Nasiba?"

Ba ta ce in bayar ba. Ta gama kitson, layi biyu a karkace. Ba zan tsefe ba.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Na maida wa Fiddausiya littafinta. Ta ce, "Ya kika ga ƙarshen?" Na ce ban kai ba. "Mahfuzu fa?" Na ce babu wani Mahfuzu, takardar likita ce.

Ban ce tsoron ya tafi ba. Ƙila a canza ta warke, ƙila bakin ya zauna haka, ƙila in sake jin "ɗiyar wa ce". In ta tambaya, sai in gaya mata. Na san amsar ai.

Baba na gona, ɗaurin damman gero, sai la'asar. Ban san me zai yi mini ba in ya ji kwana talatin na ɓoye ta. Takardar na nan kan cinyata, gefenta ya yi laushi don taɓawa. Ruwan alwalarsa zan fara kai masa, in bari ya sallame tukuna.

Ga ƙarar amalankensa nan.