Da Sunan Wa Kika Gwada?

Litinin, 3 ga Maris

An amince. Ɗalibata da muke kira 'Yar Tambaya za ta yi jarabawar aikin kwamfuta daga gida, tunda ƙafarta na cikin ɗori har yanzu. Sharaɗin shugaban makaranta ɗaya ne: ranar Talata ta makon gobe ƙarfe tara ta shiga kwamfuta ta bakwai ta ɗakin gwajinmu daga nesa, domin a can tambayoyin suke. Minti goma sha biyar suka wuce ba ta shiga ba, sai baɗi. Na ce masa ni na ɗauki nauyin wannan. Yarinyar da ta fi kowa son darasina!

Laraba, 5 ga Maris

Na buɗe baƙin allon rubuta umarni, na jera layi ɗaya: manhajar shiga daga nesa, adireshin ta bakwai, sunan mai shiga, faɗin taga. Na danna. Fuskar ta bakwai ta bayyana a kwamfutata kamar ina zaune gabanta. Na rufe, na dawo da layin, na sake dannawa. Sau goma sha biyu, ba tangarɗa.

Baba Injiniya, mai kula da na'urorinmu, ya leƙo da abin kunce-kunce a bayan kunne. "'Yata, kin gama ke nan?" Na ce tuni. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na ce ina da aji.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yi barci mai daɗi.

Asabar, 8 ga Maris

Na kai mata kwamfutar hannu gida. Tana kwance a falo, ƙafar a kan matashi biyu, ƙannenta sun cika ɗorin da zane-zane. Mahaifiyarta sai albarka take sa mini. Na danna layina, taga ta buɗe, na ce kin gani?

Ta daɗe tana kallon allon. "Malama, wannan ai sunanki ne a ciki. Da nawa kin gwada?"

Na ce duk ɗaya ne. Ta ce to bari ta gani. Ta goge sunana ta sa nata, ta rubuta kalmar sirrinta. Amsa ta fito: ba a ba wannan suna izinin shiga daga nesa ba. Sau uku.

Ni malama ce, kowace ƙofa a buɗe take gare ni. Abin da na gwada ke nan sau goma sha biyu. Mahaifiyar ta ce, "Lafiya dai, Malama?" Na ce ƙaramin abu ne. Muryata ba ta yarda da ni ba.

Litinin, 10 ga Maris

Baba kaɗai ke iya sa suna cikin jerin masu izini. Na tsaya bakin ɗakinsa kamar ɗalibar da ta makara. Bai yi mini gori ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ranar Laraba abin da zan tambaye ki ke nan. Kin ce kina da aji." Ya sa sunan, ya ce in kira ta ta gwada da hannunta, ni kuwa in rungume nawa.

Ta shiga. Ta waya na ji ƙannenta suna ihu.

Talata, 11 ga Maris

Tara da minti biyu, kibiyar da ke kan allon kwamfuta ta bakwai ta motsa ba kowa a kujerar. Na fita baranda. Ba na son ɗalibai su ga fuskata.

Laraba, 12 ga Maris

Na ajiye darasin yau. Na ce kowa ya rubuta layin da sunansa, ba zan taɓa madannin kowa ba. Huɗu suka kasa shiga. Ɗaya ta ce a hankali, "Ai kullum ke kike shigar mana, Malama."

Na rubuta sunayensu zan kai wa Baba. Ban san tun yaushe suke haka ba.

Na sani. Tun farkon zango.