Ƙanƙara Mai Launin Kunun Kanwa

Tekun Kudu, Disamba 1951

Zuwa ga Yaya Sabo, mai haƙar rijiya, Yekuwa.

Gaisuwa da fatan alheri, a gaida Inna. Bayan haka, tun da na bar soja ina aiki a jirgin ruwan Faransawa. Nan teku ya daskare, muna tafiya a kansa da ƙafa. Maigidana Mushe Arno masani ne. Aikina in huda masa ƙanƙara, gaba guda kaurinta. Samanta fari fat, ƙasanta kamar kunun kanwa. Ya ce gansakuka ce, irin ta tabki. Tana shan hasken rana ta yi abinci, ƙananan halittu su ci ta, kifi ya ci su. Yakan tace ta, ya ƙone, ya auna gawayin, don ya san yawan abincin da take yi a yini. Nakan ce masa: "Mushe, gonarka a kife take." Sai ya yi dariya.

Ƙanenka, Dogo.

Tekun Kudu, Janairu 1952

Yaya, salamu alaikum. Jirgin masunta zai tafi da wasiƙun biyu tare. Rana ba ta faɗuwa, gansakukar ta yi yawa. Mushe yana so daga inda ta fi duhu, can nesa da jirgi. Ni nake shiga gaba, tunda ni ke ɗauke da ƙarfen huji. Aikin ma ya yi sauƙi, ƙarfe na nutsewa ba wuya. Jiya ruwa ya taso mini har idon sawu. Gobe za mu ƙara nisa. A sa ni a addu'a.

Dogo.

Yekuwa, Maris 1952

Dogo, bayan gaisuwa. Malam Barau ke rubuta mini, na ce kada ya gyara maganata. Kai wawa ne? Ban taɓa ganin teku ba, amma shekara ashirin ina cikin rami. In bangon rijiya ya sauya launi, diga ta fara shiga ba wuya, fita ake yi. Ruwa ya gama cinsa ta baya. Kada ka sake taka mai duhun nan. In Baturen na son gawayi, ya zo in ba shi buhu. Ko ya shiga gaba da kansa. Allah ya tsare.

Yayanka, Sabo.

Yekuwa, Yuni 1952

Dogo, salamu alaikum. Kumandan, Baturen mulki, ya kira ni zuwa Magariya. Aka miƙo mini wasiƙata ba a buɗe ba, da akwatinka. Na sa tafinta ya karanta takardarsu sau biyu. Ba ta ce ka mutu ba. Ta ce ƙanƙara ta rabu, ba a gan ka ba.

Matarka Kande tana tambaya ko ta shiga takaba. Na ce ta dakata zuwa kaka. In kana da rai, rubuto kafin a yanke gero.

Sabo.